Ɗaurin Ƙarshe a Motar Baba Garba

Fat-fat-fat-fat. Ƙarar ce ta riga motar shigowa garejinmu, kamar ana kaɗa jiƙaƙƙen tsumma a jikin bango. Bayanta sai warin hayaƙi mai ɗaci, gauraye da ƙamshin ɗanyar gyaɗar da aka daɗe ana ɗauka a but ɗin motar. Wata Laraba ce da hantsi, cikin kaka, lokacin da ake jingine riɗi a gonaki yana shan rana. Ranar ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma tun da ku da kuka zo mana koyon aiki bana kun fara haɗuwa da direbobin ƙasar nan, gara in ba ku labarinta.

A lokacin ban cika shekara a garejin ba. Na gama karatun injin mota a kwalejin fasaha, na dawo gida Birnin Kudu, Oga Isyaku ya ɗauke ni. Tsarin wurin kamar yadda kuka tarar da shi ne. Oga ne mai gareji, shi ke karɓar mota, shi ke yanke hukuncin abin da za a yi mata. Ƙarƙashinsa akwai manyan makanikai, sai Nasiru mai walda da ke da rumfarsa a gefe. Ni ce ƙarama, kuma an fi ba ni aikin da ke son awo da haƙuri. Oga yana cewa ina sauraren inji kamar mai sauraren waƙa. Ban taɓa musa masa ba, domin gaskiya ne.

Mai motar dattijo ne dogo mai farin gemu, Baba Garba, mutumin Maruta ta ƙasar Gwaram. A ƙuruciyarsa babbar mota ya tuƙa. Da girma ya zo sai ya koma ƙaramar motar haya, yana jigilar mutanen ƙauyensu da buhunansu zuwa kasuwanni da asibiti. Ya kashe injin, ya fito yana karkaɗe riga.

"Isyaku, motar nan ta kama tari."

"Baba, ai wannan ya wuce tari, tun daga kwana muke jin ku. Sannu da hanya."

"Matan Maruta sun ce in sun shiga motata da ƙamshin turare, da warin injin niƙa suke sauka. Jiya wata ta ce kanta har juyawa yake."

Oga ya buɗe bonet, ya leƙa, ya kira ni. A gefen injin mun ga inda Baba ya liƙe da sabulu da toka, ya naɗe da wayar tagulla. Zafi ya ƙone sabulun ya koma baƙi, kuma baƙin hayaƙi ya zana hanya a jikin ƙarfen kamar sawun ruwa a bangon ƙasa.

Ga wanda bai san inji ba, bari in yi bayani. A saman injin mota akwai murfi mai nauyi da muke kira tof silinda. Ta gefensa hayaƙi ke fita, ya shiga wani ƙarfe mai rassa da ake kira manifol, daga nan ya bi salansa ya fice ta bayan mota. Tsakanin manifol da tof ana sa wani siririn faifai da ke toshe hayaƙi, shi ne fakin. Abin da ke riƙe manifol a jikin tof shi ne sitod, wato ƙusa marar kai mai tiredi a ɓangarorinta biyu. Ɓangare ɗaya yana shiga rami a jikin tof, ɗayan kuma a ɗaura masa noti. Tiredi shi ne waɗannan haƙora masu zagaye da ke sa noti ya kama. To, sitod ƙarfe ne mai tauri, amma tof ɗin ƙananan motocin yanzu na alminiyam ne, mai laushi. Idan aka matsa ɗauri fiye da kima, haƙoran cikin ramin ne ke sallamawa. Daga nan manifol ya saki, hayaƙi ya sami ƙofa, ya bi ta gaban mota ya shiga wurin fasinja.

Da injin ya ɗan huce na sa yatsu biyu na ja sitod na ƙarshe, na gefen dama. Ko sifana ban sa ba, ya biyo hannuna. A jikinsa akwai wani siririn farin zare da ya naɗe shi, yana walƙiya kamar azurfa. Haƙoran ramin ne suka fito gaba ɗayansu.

Oga ya karɓa, ya juya shi a tafin hannunsa. "Baba, ramin ya mutu. Sai mun sauke tof an kai Kano, a cike shi da walda a sake hudawa."

"Kano?" Baba ya gyara hula. "A'a. Ba inda za shi."

"Nasiru ba ya waldar alminiyam, Baba."

"Isyaku, ka san Auwalu." Auwalu babban ɗansa ne, kayan gyaran mota yake sayarwa a Kano. "Ko ɓera ne ya shiga kasuwar nan da tof silinda daga Birnin Kudu, kafin la'asar Auwalu ya ji. Shi da ƙannensa sun riga sun yanke mini magana da sallar da ta wuce. Sun ce ranar da aka ƙara buɗe injin motar nan, sayar da ita za su yi, ni kuma in zauna a ƙofar gida ina kora kaji." Ya ɗora hannu a kan rufin motar. "Ni ban gama ba tukuna."

Ba wanda ya yi dariya, har Nasiru da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa.

A akwatin kayan aikin Oga akwai wani ƙaramin kwali da ba a cika buɗewa ba. Na ce, "Oga, ko mu sa masa helikoyil?"

Helikoyil wata waya ce ta ƙarfe mai tauri, a naɗe kamar sifirin. Ana faɗaɗa mataccen ramin kaɗan, a yanka masa sabon tiredi, a murɗa wayar ciki. Cikinta sai ya zama sababbin haƙora daidai girman sitod na asali, kuma sun fi na da ƙarfi. Ana iya yin aikin tof yana jikin mota.

Oga ya shafa haɓa. "Kin san abin da ke bayan ramin nan?"

"Hanyar ruwa ce."

"To. In ƙarfen huda ya zarce, ko ya karkace, ruwan inji zai ɓullo ta nan. Daga nan ba maganar walda ake ba, maganar sabon tof ake."

Baba ya dube ni a karo na farko. "'Yata, kin taɓa yi?"

"Na yi a makaranta, Baba, a kan tof ɗin da aka sauke bisa tebur. A jikin mota ban taɓa ba."

"Ni ma ranar da na fara tuƙi ban taɓa ba. Bismillah."

Ya tafi gindin darbejiya ya zauna a kan benci. Ina tsiyaye ruwan lagireto domin in cire shi in sami wurin aiki, sai Oga ya durƙuso kusa da ni, ya rage murya.

"Safiya, shi ya cinye ramin nan da hannunsa. Watan jiya muka canza masa fakin. Na ɗaure daidai, ya ɗauko bututunsa ya ƙara."

Na fahimci abin da yake nufi. Akwai wata al'ada ta tsofaffin direbobin yankinmu da za ku yi ta gani. Idan makanike ya gama aiki, mai mota yakan ce a miƙo masa sifana ya ƙara kaɗan. Ba raini ba ne. Kamar mutum ne ya sake jan igiyar kayan da wani ya ɗaure masa a kan jaki. Wasu sukan zura sifanar cikin dogon bututun ƙarfe domin ƙarfin ya ninku. A manyan motocin da, masu injin baƙin ƙarfe, abin bai cika yin ɓarna ba. A kan alminiyam kuwa kisa ne.

"To Oga, ka gaya masa mana."

"Ni? A saman kayan motarsa na fara zuwa Kano koyon aikin nan, ko kwabo bai karɓa ba. Ba ni da bakin hana shi. Ke dai ki yi naki."

Na cire fanka da lagireto. Na zuba man birki a sauran notunan na bar su suka jiƙa, sannan na kwance su a hankali, na zare manifol. Na toshe ƙofofin hayaƙin da tsumma kada ɓurɓushi ya faɗa cikin inji. Sai na zura tsinken tsintsiya cikin mataccen ramin har ya taɓa ƙarshe, na riƙe da farce, na auna tsawon a jikin ƙarfen huda, na naɗa salatef a wurin. Wannan salatef ɗin shi ne iyakata. Ƙetare shi ba nawa ba ne.

Babu wuta ranar, Nasiru ya tayar da janaretansa ya jawo mini waya. Mai huda ba ya iya ganin karkatar hannunsa ta kowane gefe, don haka na roƙe shi ya tsaya daga gefe ya zama idona.

"Hajiya Injiniya, in kin ɓulla ruwa ki bar mini in buɗe rijiya a nan, unguwar nan dama muna fama."

"Nasiru, don Allah."

"To, na yi shiru. Ɗaga gindin kaɗan. Kaɗan fa. Yauwa, tsaya nan."

Na yi bismillah na danna. Alminiyam ba ya gardama, kuma nan ne haɗarinsa. Yana jan ƙarfen huda ciki kamar laka tana jan ƙafa. Na riƙa dannawa ina saki, ina fitarwa ina share ɓurɓushin, ina komawa. Gumi yana bin bayan hijabina da na cusa cikin rigar aiki. Ban ga komai a duniya ba sai ɗan farin salatef ɗin nan yana matsowa kusa da bakin ramin.

"Hagu, hagu. Ya yi. Riƙe haka."

Da salatef ya taɓa jikin tof na sake hannu. Na hura ramin, na ɗauki sabon tsinke busasshe na zura, na bar shi ɗan lokaci, na zaro. Na ɗaga shi a rana. A bushe yake. Nasiru ya karɓa ya duba da kansa, ya ce, "Kash, an hana mu rijiya." Daga gindin darbejiya na ji Baba ya ce alhamdulillahi, ashe duk abin da muke yi idonsa na kanmu.

Bayan sallar azahar na koma. Abin da ke yanka tiredi muna kiransa taf. Da hannu ake juya shi, ba da inji ba. Na shafa masa giris domin ɓurɓushi ya manne a jikinsa. A juya gaba kaɗan, a dawo baya kaɗan, a sake gaba. Idan ka ji ya yi nauyi kada ka tilasta, ka fitar ka wanke. Wannan shi ne ɓangaren aikin da na fi so. Hannu yana jin kowane sabon haƙori yana samuwa a wurin da ido ba ya gani. Da na gama na wanke ramin da fetur na hure shi. Na murɗa helikoyil har ya nutse kaɗan ƙasa da bakin ramin, na karya ɗan harshen da ake riƙe shi da shi, na fitar. Sabon sitod ya shiga da yatsu, sumul, ya tsaya ƙyam.

Na sa sabon fakin, na mayar da manifol. Notunan na ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awo, wadda ake saita ta daidai ƙarfin da maƙeran injin suka ƙayyade, idan an kai wurin ta yi ƙara ƙas. Na mayar da lagireto da fanka, na zuba ruwa. Oga ya murɗa makulli.

Tarin ya tafi. Injin ya riƙa numfashi ƙasa-ƙasa, har ana jin kukan kurciya a kan darbejiya ta bayansa. Na zagaya tafin hannuna kusa da manifol, babu iskar da ta taɓa ni.

Baba ya taso, ya saurara, ya gyaɗa kai. "Madalla. Allah ya yi miki albarka." Ya ce wa Oga ya kashe. Sai ya naɗe hannun riga, ya buɗe ƙofar direba, ya jawo sifana da dogon bututu daga ƙarƙashin kujera. Bututun ya yi santsi saboda yawan riƙo.

Oga ya tuna yana da magana da mai shayi, ya tsallaka titi. Nasiru ya sunkuyar da kai cikin rumfarsa. Ni kaɗai na rage, kuma ba tarbiyyar da ta ba ni damar fizge ƙarfe daga hannun sa'an kakana.

Na ce, "Baba, ɗaurin ƙarshe naka ne, ba zan hana ka ba. Amma ka yi shi da tawa."

Na sassauta noti ɗaya, na miƙa masa sifana mai awo da hannu biyu. Ya karɓa yana dubanta kamar an ba shi sandar wani. Ya ɗora, ya ja. Ƙas.

"Ta karye?"

"Ba ta karye ba. Cewa ta yi ya isa."

"Ƙarfe ne zai gaya mini ya isa?" Ya yi 'yar dariya, amma ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana amsa masa da ƙas. Da ya gama ya miƙo mini ita. Na zaci an wuce wurin. Sai na ga ya sunkuya ya ɗauki bututunsa, ya zura sifanarsa ciki, ya ɗora ta a kan notin da na gyara.

"Wannan wasan yara ne, 'yata. Hannuna bai ji komai ba. Kaɗan zan ƙara."

Na ciro tsohon sitod daga aljihuna, da farin zaren nan a jikinsa, na ɗora a tafin hannuna inda zai gani. Sannan na faɗa.

"Baba, wannan zaren ba tsufa ne ya fitar da shi ba, bututun nan ne. Na faɗaɗa ramin yau, kuma babu sauran naman da zan ƙara faɗaɗawa. In ya sake mutuwa, ba ni da abin yi, Oga ma ba shi da shi. Sai Kano."

Hannunsa na kan bututun, jijiyoyin bayansa sun tashi. Yana kallon notin, ba ni ba. Na ga leɓensa yana motsi. Mun daɗe a haka, har wata babbar mota ta wuce ta girgiza ƙasar da muke tsaye.

"Kin tabbata ba zai kwance a hanya ba?"

"In sha Allahu ba zai kwance ba. Ka dawo ranar kasuwa in sake duba shi a gabanka."

"Ki ce kin tabbata."

"Na tabbata, Baba."

Ya zare sifanar a hankali. Ya mayar da ita da bututun ƙarƙashin kujera, ya sauke hannun riga, ya rufe bonet da kansa. Ya yi sallama da Oga, wanda ya dawo da kofin shayin da bai sha ba, ya kama hanyar Gwaram a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ya dawo ranar kasuwa, na duba a gabansa, notin yana nan yadda muka bar shi. Auwalu bai taɓa jin labarin ba. Baba Garba ya ci gaba da jigilarsa har lokacin da idonsa ya fara hazo, ya ajiye makulli da kansa, ba wanda ya karɓe masa.

Abin da na ɗauka daga ranar, na farko na aiki ne: ku auna kafin ku huda, ku nemi mai duba muku ta gefe, kuma ku sani ɗauri yana da iyaka. Na biyu na mutane ne. Za ku haɗu da masu mota da ɗabi'un da littafinku ya ce kuskure ne, kuma sau da yawa kuskuren ne. Ku faɗi gaskiyar ƙarfe, kada ku rage ta don kunya. Amma ku faɗe ta a hankali, domin ba ku san daga inda mutum ya ɗauko ɗabi'arsa ba. Ni ma ranar ban sani ba. Na ɗauka taurin kan tsufa ne kawai.

Sai bara, da na je Maruta bikin wata ƙawata, na shiga gaishe da Baba Garba. Ba ya nan, ya tafi masallaci. Matarsa, Inna Hadiza, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Da ta ji ni ce ta garejin Isyaku sai ta ajiye faifan ta dube ni sosai.

"Ke ce kika hana shi ɗauri."

Na ce ni ce, Inna, a yi haƙuri.

"Ba laifi kika yi ba. Bai gaya miki ba ko? Ba zai gaya ba." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Muna sabon aure, yana tuƙa babbar mota, ƙanensa Musa ne yaron motar. Uwa ɗaya uba ɗaya. Aka canza musu taya a wani gari, yana saurin ya cim ma kasuwa, bai duba ba. A gangare tayar ta fita, Musa yana saman kaya. Shi ya ɗauko gawar ya kawo wa mahaifiyarsu. Tun daga ranar bai ƙara barin wurin makanike ba sai hannunsa ya ji notin ya ƙi motsi. Da ya dawo daga wurinki, kullum da safe sai ya buɗe gaban motar ya tsaya da bututun nan a hannu, ina kallonsa daga madafa. Ya tsaya, ya tsaya, sannan ya mayar da shi ƙarƙashin kujera. Har ya daina tuƙi bai taɓa notin ba."